Rubutun Hannun Rabaran Kambai

Ƙarfe takwas da rabi na safiyar Litinin aka kawo rahoton. Ba gawa aka tsinta ba, ba kuma shagon waya aka fasa ba. Littattafan rubutu guda huɗu ne suka ɓace.

Sufeto Ƙasimu ya ajiye kofin shayinsa ya dubi Saja Meshak.

"Littafin rubutu? Irin na 'yan makaranta?"

"Irin shi ne, Oga. Amma mai ƙarar ya ce da ma injinsa aka ɗauka aka bar masa su."

Ƙasimu ya yi shekara ashirin da biyu yana aikin ɗan sanda. A Kafanchan aka haife shi, a bayan kasuwa, inda mahaifinsa ya yi sana'ar hatsi har ya rasu. Aikin ya koya masa cewa ƙaramar sata ta fi babba wuyar ganewa, domin wanda ya ɗauki babur kowa ya san dalilinsa. Ya sa hularsa suka fita.

Maɗaba'ar Boaz tana kusa da layin dogo, ɗaki biyu da rumfa. Tun ranar Juma'a ake ruwa, irin na Agusta, ya ɗauke ya dawo. Mai wurin, Boaz, ya tarye su a ƙofa. Gajeren mutum ne, gumi na zuba masa duk da sanyin garin.

"Yallabai, an gama da ni. Ɓarawo ya shiga ta windo."

"Littattafan wa ne?"

"Na Rabaran Kambai na Kwoi, wanda ya rasu bara. Tarihin rayuwansa ne, da Turanci, da hannunsa ya rubuta. Yaransa suka kawo mu buga kafin sujadan tunawa da shi a coci. Sati uku ya rage."

"Ba ku riga kun sa shi a kwamfuta ba?"

"Mun sa. Amma a gidan nan littafi ba ya hawa inji sai an karanta shi da na hannu, layi bayan layi. Kuma Yallabai, hannun ubansu ne. Kwamfuta zai ba su hannun ubansu?"

Ƙasimu ya zaga ɗakin. Kwamfuta tana nan, janareto yana nan. An jawo durowar da ake ajiye littattafan, ba a fasa ta ba. A taga an zare gilasai huɗu an jera su a kan dakalin waje.

Ya fita ya bi ta bayan ginin. Ƙarƙashin tagar jar laka ce mai laushi. Ya tsuguna ya daɗe yana dubawa. Akwai sawun kaza, har da inda ta tsaya ta juya. Sawun mutum babu ko ɗaya.

Da ya dawo ciki ya ce, "Makulli nawa gare ku?"

"Uku. Nawa, da na Baba Silvanus, da na Faustina mai taifin."

Baba Silvanus yana zaune a teburinsa, dattijo mai furfura, da nakitayi da tabarau mai kauri. Jan biro na maƙale a aljihun rigarsa. A gabansa akwai wani baƙin littafi mai kaurin bango, ya ɗora tafin hannu a kai.

"Shi ne mai gyara," in ji Boaz. "Shekara talatin da ɗaya. Tun zamanin babana. Wannan baƙin littafi shi ne dokan gida, shi ya rubuta shi. Yadda ake rubuta kwanan wata: rana, wata, shekara, babu koma, wato waƙafi, a tsakani. Turancin Ingila, ban da na Amurka. Lamba ƙasa da goma da kalma ake rubutawa. Bayan fulstof, wato aya, sarari ɗaya. Ko katin biki ne, sai ya bi ta hannunsa."

"Sannu, Baba," in ji Ƙasimu. "Yaushe ka ga littattafan a ƙarshe?"

"Asabar da rana, Sufeto. Suna cikin durowa." Muryarsa a natse take. "Ka yi mini haƙuri, kaina na sara tun safe. In da hali, gobe na zo na ba da bayani."

Ƙasimu ya yarda. Kafin dattijon ya fita ya juya ga Boaz.

"Rubutun hannu na mutane yana taɓa barin shagon nan?"

"Ko sau ɗaya. Doka ne."

Faustina tana tsaye a jikin bango tun shigowarsu. Ba za ta wuce shekara talatin ba, tara daga ciki a wannan shagon ta yi su. Ƙasimu ya nuna mata benci.

"Ƙarfe nawa kika tashi ranar Asabar?"

"Biyar, Sa."

"Kin dawo?"

"A'a, Sa."

Boaz ya yi gyaran murya. "Yallabai, ba don in ɓata yarinyan nan ba, amma ranan Alhamis na same ta tana kuka a kan babi na bakwai."

Ƙasimu ya ce ta buɗe kwamfutar ta nuna masa aikin. Bai karanta littafin ba. Lokacin da aka taɓa shi a ƙarshe ya duba. Asabar, ƙarfe shida da minti ashirin na yamma.

"Kwamfutar nan tana aiki ita kaɗai?"

Ta dubi allon kwamfutar. Sai ta sa gefen ɗankwali ta share ido.

"Na dawo, Sa."

"Yin me?"

"Sunan mamana na cire."

A hankali labarin ya fito. A babi na bakwai Rabaran ya ba da labarin shekarar da ya sa mata biyar a horon coci saboda dafa burkutu. Wata shida suna zama a bencin baya, ba sa cin jibin Ubangiji. Ya rubuta sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Ta uku ita ce mahaifiyar Faustina.

"Shekara ashirin da biyar ke nan, Sa. Da shi ta biya mana makaranta bayan babanmu ya mutu. Ta daina tuntuni. Yanzu ita ce uwan zumuntan mata na cocinmu. A gaban ikilisiya za a raba littafin nan, jikokinta za su karanta."

"Kin gaya wa wani?"

"Na roƙi Baba. Ya ce in buɗe shafin farko na baƙin littafi. Muna gyara koma da fulstof, ba ma taɓa kalman marubuci. Ya ce doka ba ta san uwan kowa ba."

"Sai kika dawo kika cire."

"Na sa 'wata gwauruwa' a wurin."

"In aka karanta shi da na hannu, za a gane?"

"Nan take."

"In na hannun ya ɓace fa, wa zai gane?"

"Ba kowa." Tana faɗa ta ji abin da ta faɗa. "Amma Sa, ban ɗauka ba. Ubangiji shaida ne. Suna cikin durowa na tafi."

Tana da makulli, tana da dalili, ta kuma yi ƙarya. Ƙasimu ba shi da yadda zai yi. Suka tafi da ita ofis.

Saja Meshak ya rubuta bayaninta da Turanci ya miƙa mata ta sa hannu. Tana karantawa hawaye na ɗiga a takardar, amma sai ta ce a ara mata biro. Ta sa aya a wuri huɗu, ta mai da wani ƙaramin baƙi babba, ta juya kwanan wata, sannan ta sa hannu.

"Oga, mutanen shagon nan ba su da lafiya," in ji Meshak bayan an shigar da ita. "Mai gidan nasu ma haka ya yi mini ɗazu. Wai kwanan watana na Amurka ne. Ni da ko Abuja sau biyu na taɓa zuwa."

Da yamma DPO ya kira Ƙasimu. Dangin Rabaran sun yi ta bugo waya. Ya ce in littattafan ba su fito ba, Laraba da safe a kai yarinyar kotu.

Ƙasimu ya san abin da wannan yake nufi a gari irin nasu. Ko alƙali ya sallame ta bayan wata uku, sunan ya riga ya manne. Ba mai sake ba ta makullin shago. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne tagar. Yarinyar da ta ga ruwan Asabar da idonta, ta tako laka ta dawo shagon, yaya za ta zare gilasai ta manta cewa ɓarawo yana da ƙafa?

Talata da safe Justin Kambai ya iso daga Kwoi a kan babur, wandonsa duk taɓo. Shi ne babban ɗan Rabaran, malamin sakandare kuma manomin citta.

"Sufeto, ni ba na son a ɗaure kowa. Hannun babana nake so."

"Boaz ya ce jiya ma ka zo Kafanchan, me ya kawo ka?"

"Karatun ƙarshe. Ka san yadda suke yi? Mutum ɗaya ya riƙe na hannu yana karantawa da ƙarfi, har koma da fulstof yana faɗa. Ɗayan ya bi na bugawa da rula. Na ce a wannan karo ni zan riƙe rula, Baba Silvanus ya karanta."

"Don me sai shi?"

"Abokin babana ne tun suna samari. Babana yana cewa Silvanus ya fi shi iya karanta hannunsa. Na so in ɗauki muryarsa a waya in kai wa mamana. Ita ba ta karanta Turanci, amma tana son ta ji."

"Yaushe ka gaya musu za ka zo?"

"Juma'a. Na buga wa Boaz, ya miƙa wa Baba wayan."

"Me Baba ya ce?"

Justin ya yi ɗan tunani. "Ya ce kada in wahalar da kaina da hanya a cikin ruwa. Sau uku ya faɗa. Har na yi masa wasa na ce ko ya gaji da mu ne."

Ƙasimu ya rubuta kalma ɗaya a littafinsa: Juma'a.

Daga nan ya koma maɗaba'ar. Ya ce Boaz ya fito masa da tsofaffin takardun gyara. Suna nan a kwali-kwali, domin ita ma doka ce: ba a zubar da takardar da jan biro ya taɓa.

Ya jawo na shekara biyu da suka wuce. Rubutun siriri ne, ya karkata dama, alamomin ƙanana a gefen shafi kamar sawun tururuwa. Ya jawo na watan Janairu, duk ɗaya ne, sai dai wasu alamomin sun ɗan kauce daga layinsu. Ya jawo na watan Mayu.

Alamomin iri ɗaya ne, amma hannun ya sauya. Baƙaƙen manya ne, zagayayyu. Kuma a ƙasan duk shafin da ba kuskure, an ja 'yar alamar nan da malaman firamare suke yi wa yaron da ya ci lissafi.

Ya jera takardun biyu a gaban Boaz.

"Wannan da wannan hannun mutum ɗaya ne?"

Boaz ya sunkuya ya duba. Ya goge wuya da hankici.

"Ni gyaran nake dubawa, Yallabai, ba hannun ba. Kuma gyaran daidai yake kullum."

"A teburin can yake gyaran?"

Boaz ya kau da kai.

"Malam Boaz, akwai yarinya a kulle."

"Tun bayan bikin Ista yana tafiya da aiki gida. Ya ce ƙaran inji na hana shi tunani. Da safe ya dawo da shi a gyare."

"Har da rubutun hannu na mutane?"

"Har da shi."

"Jiya ka ce ko sau ɗaya."

"In kostoma suka ji takardunsu na yawo a kan acaba, wa zai sake kawo mini aiki?"

"Karatu da ƙarfi fa? Yaushe rabon da ka ji shi yana yi?"

Boaz ya juya. Ya dubi teburin dattijon kamar yau ya fara ganinsa.

Ƙarfe biyu na rana Baba Silvanus ya zo ofis kamar yadda ya yi alkawari. Ɗan acaba ya sauke shi dab da ƙofa. Ya shigo a hankali, yana dafa bango. Meshak ya ba shi kujera.

Bayaninsa gajere ne. Ya tashi aiki Asabar ƙarfe uku. Lahadi ya je sujada, ya dawo gida, bai sake fita ba. Litinin ya zo ya tarar da taga a buɗe.

"Kana zaton Faustina za ta iya?" in ji Ƙasimu.

Dattijon ya gyara zaman tabaraunsa. "Yarinyar kirki ce, Sufeto. Ban ce ita ce ba."

"Amma ba ka ce ba ita ba ce."



Meshak ya gama rubutu. Ya miƙa takardar yana ɗaure fuska, kamar wanda ya miƙa hannu a yi masa allura.

Baba Silvanus ya karɓa ya riƙe ta a gabansa. Idanunsa suka bi ta daga sama zuwa ƙasa. Jan bironsa na nan a aljihu, bai taɓa shi ba.

"Daidai ne. Ina zan sa hannu?"

Meshak ya ɗora yatsa a wurin. Dattijon ya laluɓo yatsan da bakin biro, ya sa hannu.

"Ka gani, Oga?" in ji Meshak yana washe baki. "Babban malamin da kansa bai samu komai ba. Yaran ne masu iyayi."

Ƙasimu ya karɓi takardar. Shi kansa Turancinsa na aiki ne, a bakin aiki ya tsince shi. Amma ko shi ya ga cewa tun daga layin farko har na ƙarshe Meshak bai tsaya ya huta ba ko sau ɗaya, ba aya ba waƙafi. Yarinyar da mutumin nan ya koyar ta kasa haɗiye irin wannan tana cikin kuka. Shi kuwa da ya koyar da ita ya ce daidai ne.

Ya ninke takardar. Bai ji daɗin abin da ya gano ba.

"Baba, hadari ya haɗo. Bari mu sauke ka a gida."

Gidan yana Takau, ƙaramin gida mai shingen kara da itacen gwaiba a tsakar gida. Wata dattijuwa tana tsince wake a baranda. Da ta ga motar 'yan sanda ta ajiye faifan ta miƙe.

"Matata ce, Tamar," in ji Baba Silvanus.

"Sannu, Mama. Malama ce, ko?"

"Shekara talatin da biyar a firamare, ɗana. Wa ya gaya maka?"

"Hannunki."

Ta dubi mijinta. Shi bai dubi kowa ba.

Suka shiga falo. A kan tebur akwai rula, da jan biro, da kujeru biyu kusa da juna a jikin taga. Ƙasimu ya bar Meshak a waje. Ya zauna ya cire hularsa.

"Baba, tun yaushe?"

"Tun yaushe me, Sufeto?"

"Idon."

Ruwa ya fara sauka a kan kwano. Mama Tamar ce ta yi magana.

"Silvanus, in ba ka faɗa ba ni zan faɗa. Tun jiya ban ci abinci ba. 'Yar mutane ta kwana a kulle."

Ya cire tabaraun ya ajiye a gwiwa. Ba tare da shi ba fuskarsa ta zama ƙarama.

"Shekara biyu yana raguwa. Bayan Ista ya tafi. Likita ya ce jijiyar ce, ba ta dawowa. Ina ganin mutum kamar inuwa, ina ganin ƙofa in da haske. Amma baƙi a kan takarda, babu."

"Sai Mama ta zama idonka."

"Tana karanta mini, har koma da fulstof. Ni in ce mata nan, sa kaza. Dokokin suna kaina, ba na bukatar littafin. Wata biyar, Sufeto, ko kuskure ɗaya bai wuce ba. Ka tambayi Boaz."

"Na tambaye shi. Sai Justin ya bugo ranar Juma'a."

"Ya ce zai zauna a gabana. Ya ce zai ɗauki muryata." Ya shafa tabaraun da ke gwiwarsa. "Hannun Kambai fa. Hannun da na karanta shekara hamsin. In riƙe shi a gaban ɗansa in kasa furta kalma ɗaya."

"Da ka gaya masa."

"Da na gaya masa. Kwana biyu ina shirya yadda zan faɗa. Amma in na faɗa, na zama mene ne? Ban iya noma ba. Ban iya ciniki ba. Tun ina shekara goma sha tara abu ɗaya na iya, in ga abin da wasu ba su gani ba."

"Lahadi ka je?"

"Bayan sujada, da rana tsaka, unguwar ba kowa. Na ɗauko su. Na zare gilasan da laluɓe na tura su waje. Na ce in aka ce ɓarawo ne, za a ɗage karatun. Bayan sati ɗaya sai a tsince su a bakin ƙofa, lokaci ya ƙure, Boaz ya ce in tafi da su gida in gama da sauri."

"Ƙasan tagar laka ce. Ba sawun kowa."

Dattijon ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Ban gan ta ba."

"Faustina fa?"

"Ban san ta dawo ranar Asabar ba. Ban san za a taɓa ta ba. Da Boaz ya bugo jiya da yamma ya ce kun tafi da ita, na tashi na sa takalmi. Na kai bakin ƙofar can. Sai na ce gobe. Yau na zo ofishinku da niyyar faɗa. Ka tambaye ni ko za ta iya, na ji bakina yana ba da wata amsa." Ya shafa fuskarsa. "Satar ba ta dame ni kamar wannan ba."

Mama Tamar ta shiga ɗaki ta fito da ƙunshi a cikin zanen zumunta. Ta kwance shi a kan tebur. Littattafai huɗu masu shuɗin bango, an nannaɗe kowanne a leda saboda damina. Ko kusurwa ɗaya ba ta lanƙwashe ba.

Ƙasimu ya dube su. A shekarunsa na aiki ya kama mutanen da suka yi ɓarna don yunwa, da don haushi, da don son abin duniya. Waɗannan yana gane su. Wanda bai taɓa sanin inda zai ajiye shi ba shi ne irin wannan: mutumin da bai cuci kowa ba har ya tsufa, sai rana ɗaya kunya ta kama shi, ya bar marar laifi ta kwana a siminti. Bai san ko shekara talatin da ɗaya suna rage nauyin kwana ɗaya ba. Ya dai san ba shi aka ba wa wannan awon ba.

"Baba, dole mu tafi tare. Ka ɓoye kayan amana, ka kuma ba da bayanin ƙarya. Zan gaya wa Justin duk yadda aka yi, in ya janye ƙara, wannan tsakaninku ne. Amma yau sai an rubuta."

"Na sani."

Meshak ya leƙo da ankwa a hannu. Ƙasimu ya girgiza masa kai. Mama Tamar ta ɗauko wa mijinta rigar sanyi, ta gyara masa nakitayi, ta riƙe masa lema har mota.

Suna isa ofis Ƙasimu ya sa aka fito da Faustina. Ta sa hannu a littafin da ke kan kantar ofis, aka mai da mata wayarta da makullinta. Mahaifiyarta tana zaune a benci tun safe da kular abinci a cinya, wata 'yar tsohuwa mai fararen takalman roba. Ba wanda ya gaya mata abin da ke cikin babi na bakwai.

"An samu littattafan," in ji Ƙasimu. "Ba ki da laifin sata. Maganar sunan kuwa ba ta 'yan sanda ba ce. Ki gaya wa Justin da bakinki kafin ya gani."

"Wa ya ɗauka, Sa?"

Kafin ya amsa Meshak ya shigo riƙe da gwiwar hannun Baba Silvanus. Faustina ta tsaya cak. Ta dubi dattijon, ta dubi ƙunshin da ke hannun sufeto.

Baba Silvanus ya juya kai wajen inuwar da ke gabansa.

"Faustina ce?"

"Ni ce, Baba."

"Ni na ɗauka, 'yata. Ni na bar ki a nan. Akwai abin da na ɓoye muku duka. Idona..."

"Na sani."

Ya tsaya da baki a buɗe.

"Tun Ista na sani, Baba. Ni nake shigar da gyaran, kana zaton ban san hannunka ba? Wa yake kawar da wayan janareto daga hanyanka kowace safiya? Wa yake ajiye maka kofi a wuri ɗaya?" Ta share ido. "Jiya Sufeto ya yi mini tambaya har yamma. Ban faɗa ba. Na ce ba nawa ba ne in faɗa."

Ko Meshak ya sunkuyar da kai.

Dattijon ya miƙa hannu wajen muryar. Ba ta kama ba. Ta karɓi kular daga hannun mahaifiyarta, ta taimaka mata ta miƙe, suka nufi ƙofa.

Meshak ya ja shi a hankali zuwa ɗakin bincike. Faustina ta kai bakin ƙofa, sai ta tsaya ba tare da ta juyo ba.

"Saja, matakala biyu ne a gabansa. Ka gaya masa kafin ya taka."